Guntun Leshin Hajiya Taiba

A Talata Mafara in ka kai wa tela yadi, ka riga ka san ku biyu za ku sa shi: kai riga, ɗansa wando. Ba mai kai ƙara. Nagode ce kawai ta fita daban. In ta gama ɗinki sai ta ƙulle ragowar ƙyallen, ko bai kai tafin hannu ba, ta miƙa wa mai shi. Takan ce ba ta iya tsayawa gaban Allah da guntun atamfar wani a wuya. Teloli 'yan uwanta suka laƙaba mata Malama Mayar-da-Saura.

Matan gari dariya suke yi. "Haba Nagode, mi zan yi da wanga? Riƙe abinki." Sai ta riƙe, ta tara a buhu.

Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyukan Maradun, mata da yara suka cika kangwayen bayan kasuwa, sai ta zazzage buhun. Duk azumi tana harhaɗa wa yaran riguna, hannu shadda, gaba atamfa, baya abin da Allah ya hore. Ran Sallah yaran sukan fito kamar kanti ya yi ɓari, amma dai sabo ne, kuma nasu ne.

Wata shekara Hajiya Taiba, matar wani dillalin shinkafar Bakura da ke zaune nan garin, ta kawo leshi ruwan zuma, ta ce duk Zamfara ba mai irinsa. Da aka miƙa mata ragowa ko kallo ba ta yi ba. "Share keke da shi."

Nagode ta ga keken bai cancanta ba. Ta ɗinka guntun a ƙirjin rigar Hafiza, wata marainiya da aka taho da ita daga Dosara.

Ran Sallah Hafiza ta bi yara yawon barka da Sallah, ƙafa ta kai su gidan Hajiya, falo cike da ƙawaye. Wata mai ido ta dubi yarinyar, ta dubi uwar gida.

"Ikon Allah! Hajiya, ashe anko kuka yi da ɗiyar taki?"

Falo ya ɗauki dariya. Hajiya ta ce a kawo almakashi. A tsaye ta yanke leshin daga jikin yarinyar, ta tura ta waje tana rufe ƙirji da hannu biyu. Sannan Hajiya ta shiga mota, sai ƙofar Nagode.

"Ɓarauniya! Da yadina kike sayen Aljanna?"

"Hajiya, ke kika ce in share keke."

"Wa ya ji na ce?"

Ba wanda ya ji. Teloli kuwa Sallah biyu suka yi. "Mu dai wando muke ci," in ji su, "ba mu taɓa cewa don Allah ne ba." Matan da suka sha cewa riƙe abinki duk suka tuna rigunansu sun matse su, kuma ba wadda ta zargi ƙosan buɗa-baki. Ɗinki ya ɗauke. Nagode ta yanki hijabin sallarta ta cike rigar Hafiza, amma yarinyar ba ta sake yarda ta sa ta ba.

Yanzu buhunan shinkafa Nagode ke yi wa faci. Ko su, in zare ya rage, sai ta mayar.

Gab da Kirsimeti, Rifkatu, wata malamar makaranta, ta kawo atamfa. Da aka miƙa mata ƙullin ragowa ta ce, "Riƙe, Inna, ki yi wa yaranki."

Nagode ta kama hannunta har ƙofar gida. "Faɗi da ƙarfi, ɗiyata, maƙwabta su ji."

Rifkatu ta fara dariya, ta dubi fuskarta, ta daina. Ta ɗaga murya ta faɗa. Layi shiru, sai akuyar maƙwabta tana tuƙa.

Nagode ta ɗan jira. Sannan ta cusa ƙullin a jakar Rifkatu.

"Ba wanda ya ji. Tafi da abinki."