Sirdin Kawu Mudi

Da kakar bana Kawu Mudi ya cika shekara bakwai a ƙasa. Ƙanen mahaifiyata ne, manomi a Bungudu, amma tun daga Kwatarkwashi har Tsafe an san shi da gyaran bayan doki. Da zai ga Gusau yau, ta zama babban birnin jiha, babura ko'ina kamar fara, na san zai riƙe haɓa ya tambaya wa ya kwashe dawakin.

Bai bar dukiya ba. Abin da ya faɗo hannuna shi ne dokinsa, Gunya, da sirdinsa. Ina aikin gwamnati a Gusau, duk Asabar nakan je gida in hau. Sirdin nan kuwa na hana kowa taɓa shi, ko zare ɗaya ban yarda a sake ba, wai ina girmama mamaci.

Bara Gunya ya fara ciwon baya. Da ka ɗora masa hannu sai ya lotsa, ya kwantar da kunnuwa. Likitan dabbobi ya yi masa allura, aka sami sauƙin mako guda. Na je Tsafe wurin wani da aka yaba mini, ya ce sai lalas, wato a ƙona wurin da jan ƙarfe. Na tuna Kawu bai taɓa kai wuta jikin dabba ba, na yi godiya na hau babur ɗina. Dillalai kuma suka fara zarya, suna cewa in sallama shi tun yana tsaye, na kuwa san mahauta za su kai shi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Hausawa sun ce abin nema na bakin murhu, ni kuwa har da toka na same shi. Ranar da na kusa sallamawa, na shiga gaida Inna Hauwa, matar marigayin. Shekara talatin tana tankaɗe masa tokar aiki, amma ban taɓa tunanin tambayarta ba.

"Sanusi, wa yat taɓa sirdin ga tun rasuwatai?"

"Ba kowa, Inna."

"To shi na ciwon. Ɗauko mani rariya."

Ta barbaɗa toka a bayan Gunya, ta sa na ɗora sirdin na ɗaga. Wuri biyu da sirdin ya danne ya kwashe tokar suka fito fes, daidai inda Gunya yake lotsawa. Ashe duk bayan damina Kawu yakan farke ƙarƙashin sirdin ya sake cusa audugar rimi, domin bayan doki yana sauyawa da ƙiba da rama da tsufa. Gunya ya tsufa, audugar ta daskare kamar dutse, ni kuma ina ta hawa da sunan ƙauna. Kunya ta kama ni har na kasa kallonta.

Wata biyu ba a hau shi ba. Kullum da hantsi Inna takan gasa bayan da tsumma mai ɗumi, ta murza da man kaɗe, daga wuya zuwa gindin wutsiya. Ta koya mini, tana yi mini tsiya cewa hannun biro bai san aiki ba. Yanzu Gunya ya warke, har maƙwabta biyu sun kawo mata nasu dawakin, ni nake riƙe rariya.

Da Kawu zai dawo, ba na jin babura za su dame shi kamar yadda zai yi dariyar ɗan 'yar'uwarsa da ya adana fata da katako, ya manta da mai rai da ke ƙarƙashinsu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Jiya damina ta ɗauke, na sa wuƙa na farke sirdinsa da hannuna, kuma tun rasuwarsa ban taɓa jin na kusance shi kamar lokacin ba.