Batirin Ɗakin Shan Magani

A ƙarshen shekarun tamanin ina aikin jinya a ɗakin shan magani na coci, a wani ƙauye bayan Gozaki. Lantarki bai iso mu ba, turakunsa sun tsaya can bakin titi. Wata rana mutum biyu suka zo daga Kaduna a akori-kura, suka kafa wasu faya-fayai masu sheƙi bisa kwanon rufi, suka haɗa su da batir da ɗan firji. Suka ce daga yau hasken rana ne zai riƙa sanyaya mana allurar riga-kafi. Kafin la'asar sun tafi.

Shekara ta zagayo lafiya lau. Sai da bazara ta kama, kyanda ta shigo ƙauyukan kewaye, sannan firjin ya fara gurnani yana ɗaukewa. Zama ya gagare ni. In buɗe, in taɓa kwalabe, in rufe, in fita in ɗaga kai in dubi faya-fayan, in dawo. Mata kuwa suna ta zuwa da goyo.

Maigidana, manomin auduga ne, ya ce, "Ke, buɗewar nan da kike yi ita za ta ƙarasa shi. Kawo batirin mu kai Funtua."

Muka ɗaure batirin a bayan babur, ni na bi a motar kasuwa. Mai gyaran batir ya leƙa cikinsa ya girgiza kai.

"Malama, ruwansa ya ƙafe tuntuni. Ba a ce ku riƙa ƙara masa ba?"

Babu wanda ya ce. Kuma irinsa, in ji shi, babu a garin. Muka gwada Malumfashi, aka ce sai Kano, wataƙila. Na aika saƙo Kaduna ta bakin fastonmu, aka ce mutanen sun koma wani aiki.

Dattawan coci da mai unguwa suka haɗu aka sayo batirin babbar mota. Ya riƙe mu har aka yanke dawa, shi ma ya mutu.

Daga nan sai na koma ɗauko allura daga Funtua a kula cike da ƙanƙara, duk ranar awo. Ina rungume da ita a cinya, ina jin ruwan ƙanƙarar da ta narke yana motsi a ciki, ina ce wa direba, "Don Allah Malam, kar ka tsaya a Bakori." Yakan tsaya.