Rilwanu Mai Zane Ya Tafi, Aikinmu Bai Ƙare Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, Allah Ya karɓi ran abokina kuma abokin aikina, Rilwanu Ishaq Talata Mafara, a garin Tsibiri ta ƙasar Maradun, bayan gajeriyar rashin lafiya.

Rilwanu, kai ne mai zane, ni ne mai rubuta manhaja. Kana shagonka a Mafara, ina ɗakina a Bakura. Da muka fara haɗa manhajar da za ta riƙa sanar da manoman rani ranar sakin ruwa, kullum cikin gardama muke. Ka turo hoton zanenka ta waya, in yi kirdadon launi da girman rubutu, ka kira ni kana dariya: "Misbahu, wanga kore naka ai na ganyen rama ne, ba shi na zana ba."

Kai ka nemo mana mafita. Ka samo wata manhajar zane ta kyauta, wadda masu ita suka bar ƙofarta a buɗe, kowa ya ga yadda aka ƙera ta, ya gyara, ya ƙara. Daga nan shafi ɗaya muke buɗewa. Kana zane ina kallo, awo da launi duk a gabana. Gardama ta ƙare. Ba ka tsaya nan ba, ka zauna kana mayar da kalmominta Hausa kana aika wa masu kula da ita, ba wanda ya sa ka. Da ita ka koyar da ɗalibarka Husna da ƙawayenta zane, waɗanda tsadar sauran manhajoji ta hana su farawa.

Ba ka yarda da zanen da manomi bai gwada ba. Abin da ya kai ka Tsibiri ke nan, wurin kawunka Gidaɗo, don ka miƙa waya ga waɗanda ba su karatun boko ka ga inda yatsansu zai taɓa. A can amai da gudawa suka kama ka. Bayan la'asar Kawu Gidaɗo ya kira ni, ya ce: "Ɗana, jiki ya yi tsanani, kuma ba mai motar da ya yarda ya hau hanya yanzu ya kai shi asibiti." Na kira duk direban da na sani daga Bakura har Maradun. Kowa ya ba ni haƙuri, ya ce 'yan bindiga na kan hanyar, sai da safe. Ban ga laifinsu ba. Ina riƙe da waya, ina jin nishinka, ba abin da na iya. Ba ka kai safiyar ba.

Shekaranjiya na buɗe aikinmu. Shafin ƙarshe rabi ka zana. Komai a buɗe yake, kowa zai iya ɗorawa, amma ni hannuna bai san zane ba, Husna kuwa ta ce idan ta duba kuka ke zo mata. Na rufe, ban san ranar da zan sake buɗewa ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka Hajiya Taibatu, da matarka Suwaiba, da ɗiyarka Bushra wadda har yanzu take tambayar yaushe za ka dawo. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari. Allah Ya jiƙanka, Rilwanu, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya kawo mana ƙarshen wannan hali da ya sa mara lafiya ke jiran gari ya waye. Amin.