Ranar da Hosea Birdsall Ya Harba Maƙera Sama

Har yau in tsofaffin ƙauyen Sugar Fork suka zauna hira, da wuya su tashi ba a ambaci Hosea Birdsall ba. Da an kira sunansa kuwa sai wani ya tuntsire da dariya tun ba a shiga labarin ba.

An haife shi a 1841, a wata gonar masara da ke gaɓar kogin Wabash a jihar Indiana ta Amurka. Yana da shekara ashirin yaƙin basasa ya ɓarke. Ba jarumta ce ta kai shi soja ba, Drusilla ce, 'yar maƙerin ƙauyen. Ya je zance ya ci ado, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai da ko ƙetaren kogi ba ka taɓa leƙawa ba, da wane baki za ka ce kana so na?"

Washegari ya je ya ba da sunansa a aikin soja.

Shekara uku ya yi. Ya dawo kunnen hagu ya toshe saboda ƙarar igwa, sanyi ya cinye masa yatsun ƙafa biyu, yana janye da wani ramammen alfadari da ya raɗa wa suna Kanar. Drusilla ta tare shi a bakin shinge, ta sha kukanta ta ƙoshi, sannan ta tambayi dalilin sunan.

"Shekara uku kanar yana daka mini tsawa," in ji Hosea. "Yanzu ni zan ce tafi, ya tafi."

"To ce masa ya tafi mu gani."

Ya ce. Kanar ya zauna daɓas a tsakiyar hanya. Drusilla ta yi dariya har da riƙe ciki, kafin girbi aka ɗaura musu aure.

Abin da idonsa ya gani a fagen fama bai taɓa faɗa wa kowa ba. In an matsa masa, sai ya ba da labarin wani talotalo da ya fafare shi a Tennessee har ya hau bishiya da bindigarsa. Kowace shekara talotalon ƙara girma yake yi.

Allah ya buɗe musu ƙofar haihuwa, mata tara a jere. Da safe yakan tsayar da su layi daga babba zuwa ƙarama, kowace da fartanya a kafaɗa, su nufi gona yana kiran hagu, dama. Mazan ƙauye su riƙa tsokana, "Kofur, ina za a kai wannan runduna mai siket?"

"Inda taku ba ta isa ba," in ji shi. "Mu mun gama shuka, ku fa?"

Da Drusilla ta sami ciki na goma, sai mazan ƙauyen suka zuga shi har ya rantse in namiji ne zai harba maƙera. Wato a ajiye maƙera ɗaya a ƙasa, a zuba albarushi, a ɗora wata a kai, a kunna. Ya aro biyu daga wurin surukinsa, ya girke a tsakar gida.

Ranar haihuwar, da hantsi, rabin ƙauyen ya hallara. Fasto Whitcomb ma ya zo don ya sa albarka. Da yake ƙafarsa na ciwo, aka ɗauko shi a keken da Kanar ke ja, ya yi zamansa a ciki. Can sai tsohuwa Keziah ungozoma ta leƙo ta ce, "Mace ce."

Maza suka fara ɗaukar hulunansu. Hosea ya juyo kunnensa mai ji. "Me kika ce, Iya?"

"Na ce mace!"

Ya yi tsalle ya dire. "Goma cif! Ku ninka albarushin!"

Drusilla ta ɗaga murya daga ɗaki, "Baban yara, ka fasa mini taga ko ɗaya, a barga za ka kwana!"

Bai ji ba, ko kuma ya ga dama bai ji ba. Ya kunna. Ƙasa ta girgiza, maƙera ta tashi sama har ta koma kamar tsuntsu, kowa ya ɗaga kai baki buɗe. Da ta juyo sai ta faɗa tsakiyar akurki. Kaji arba'in suka fashe waje suna kyarkyara, ba wadda ta ko karye. Kanar kuwa, da shekara goma sha tara ba a taɓa ganin ya yi ko sassarfa ba, ya zabura da fasto, ya tsallake shinge ya nufi kogi.

Hosea ya bi su yana ɗingishi yana ihu, "Tsaya, Kanar! Na ce tsaya!" 'Yan mata tara na biye da shi suna shewa.

A cikin ruwa suka iske su, ya kai wa fasto ƙugu, hularsa na tafiya abinta. Aka fito da shi yana tsiyaya. Ya daɗe yana kallon Hosea, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, in Ubangiji ya ba ka na goma sha ɗaya, ka aiko mini da wasiƙa kawai." Da yamma ya sa wa jaririyar albarka, shi yana sanye da tsohuwar rigar sojan Hosea, aka raɗa mata suna Philippa. Taga uku suka fashe. Kwana uku mai gidan ya yi a barga.

Ya aurar da su duka goman, ya ga jikoki talatin da huɗu, bai taɓa rikita sunan ɗaya da na wani ba. A kakar 1899, ranar bikin babbar jikarsa, ya taka rawa har mai goge ya gaji. Ya je gindin tuffa ya zauna ya huta, bai sake tashi ba.

Ranar jana'iza cocin bai ɗauki jama'a ba. Surukai goma suka matsu a benci ɗaya, ana tsakiyar addu'a ya karye da su, ƙafafu ashirin a sama. Drusilla ta rufe fuska da hankici, kafaɗunta na rawa. Na nesa suka ce baiwar Allah kuka take, amma 'ya'yanta da ke kusa su ma sun kasa ɗaga kai don dariya.