Dogon Hannun Riga a Satwa

Maigidana Malam ya rasu ba na gida. Da wannan zan fara, domin shi ne ya mayar da ni mai leƙen kwanon mutane a Dubai.

Wata uku yana fama da kumburin ƙafa. Kullum na tambaye shi sai ya ce da sauƙi. Ƙannensa su kai shi asibiti su dawo, su ma su ce da sauƙi. Rannan ya matsa mini in tafi Funtuwa bikin 'yar ƙanwata, ya ce abin kunya ne a yi ba ni. Na tafi. Kwana biyu aka aiko mota. Tun daga bakin layi na hango tabarmi a ƙofar gidanmu, an riga an kai shi. Daga baya na ji ashe likita ya gaya musu gaskiya tuntuni, shi da kansa ya ce kada a gaya mini. Shekara arba'in da wani abu ina dafa masa abinci, amma ban samu na ɗiga masa ruwa a baki ba. Har yau in na tuna sai na yi kuka, kuma ba na ɓoyewa. Yanzu ma da nake faɗa ana rubutawa, hawaye nake yi.

Da na fita takaba, babban ɗana ya aiko mini da biza ta wata biyu, wai in zo in huta. Yana aiki a wani kamfanin ajiyar kaya can bayan gari, inda masana'antu suke. Shi da matarsa suna zaune a unguwar Satwa, a hawa na uku, ƙasansu shagunan teloli ne, tun safe keken ɗinki ke kuka.

Shi ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba. Kakarsa ce ta yaye shi ta riƙe shi, ni kuwa tun yana rarrafe in ya nufo ni sai in kau da kai, haka aka koya mana. Ya girma yana ce mini Iya, muna gaisawa ido a ƙasa. In ina da magana da shi, sai in gaya wa matarsa, ko yana zaune a wurin. Ban taɓa jin nauyin wannan kunya ba sai a Dubai.

Abin da na fara lura da shi kwano ne. Na taho da kuka da daddawa da kanwa daga gida, na kaɗa miyar da na san yana so tun yana yaro. Loma biyu ya yi ya ce alhamdulillahi. Washegari na nemi kanwata na rasa. Na tambayi matarsa, ta ce ta adana mini ita. A saman kabad ta adana ta, inda hannuna ba ya kaiwa. Sai na ga tana dafa masa nasa daban a wata 'yar tukunya. Da ta fita shanya na ɗanɗana: lami, ko gishiri babu. Ruwa kuma a wani ɗan kofi take ba shi, kamar na shayin Larabawa, a garin da in ka leƙa waje da rana sai ka ji kamar an buɗe maka tanda.

Allah ya yafe mini, ita na fara zargi. Na ce a raina yarinyar nan ta raba shi da abincin uwarsa, kuma tana horar da shi da yunwa. Kwana da kwanaki ina amsa gaisuwarta a daƙile.

Sai kuma kalmar nan. Ni ban yi boko ba, amma kunnena lafiya lau. In tana waya da turanci, akwai wata 'yar gajeriyar kalma da ke yawan fitowa, sik. In ta faɗe ta sai ta rage murya ta dube ni. Na tambaye ta.

"Hajiya, gajiya ce kawai. Wai aiki ya ishe shi."

Bayan kwana biyu na sake ji, na sake tambaya.

"Ai in mota ta juya wa mutum ciki ma haka ake cewa."

"Shekaranjiya kin ce gajiya."

"Duka biyun ne, Hajiya. Kewar gida ma da ita ake faɗa. Yaran yanzu ma in sun ga mota mai kyau haka suke cewa."

"To ita kalmar ba ta da gidan kanta ne? Ko'ina sai ta kwana?"

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai idonta ba. Ni dai na san irin wannan. Mu ma muna da tamu, da sauƙi, wadda ake gaya wa mai mura, a gaya wa wanda ake haƙa wa kabari.

Daga nan na daina tambaya, na koma kallo. Akwai taga a ɗakin da aka sauke ni, tana kallon titi. Motar kamfani tana zuwa ɗaukar ma'aikata da sassafe a gaban wani shagon tela. Wasu ranakun yana shiga. Amma kwana uku a kowane mako sai ya bari ta wuce, ya tsaya kamar mai duba waya, sannan ya tare tasi ta yi wata hanya daban. A irin ranakun yakan dawo bayan azahar, fuskarsa kamar an shafa toka, ya hau benen yana dafa bango. Sallah kuma a ɗaki yake yi, ƙofa a rufe. Da nake shara na ga sawun ƙafafun kujera huɗu sun lotsa a kan dardumarsa.

Ga kuma riga. Kullum mai dogon hannu, maɓalli a ɗaure har wuyan hannu, ko a cikin gida. Alwala ba ya yi a gabana. In zai ɗauki abu mai nauyi, da dama kaɗai yake ɗauka, hagun yana rataye kamar na aro.

Muna da maƙwabciya a hawanmu, 'yar zangon Kumasi, tana aikin goge-goge a wani otal. Hausarta daban take, amma muna fahimtar juna, takan kawo mini kenke, tuwon masararsu, ni kuma in ba ta garin kuka. Rannan na tare ta a bakin ƙofa.

"'Yar nan, maigidan nan namu lafiyarsa kuwa?"

"Mma, ni me na sani? Ni da nake fita tun asuba."

"Ban tambaye ki lokacin fitarki ba."

Ta sunkuya tana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. "Mma, ki yi masa addu'a dai. Yalla, bari in ruga, mota za ta bar ni."

Ita ma ta sani ke nan. Kowa ya sani, sai ni. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, na ji ƙamshin tabarmin nan na ƙofar gidanmu kamar yanzu aka shimfiɗa su.

Saura kwana biyar bizata ta ƙare, matarsa ta shigo da sabuwar akwati da atamfofi da turare na tsaraba. Ta ce an samo mini kujera a jirgin ranar Asabar. Ta ce jikokina na Kano suna ta kewata, kuma 'yar ƙanina ta kusa haihuwa, bai kamata a yi suna ba ni ba.

Bai kamata a yi ba ni ba. Maganar Malam ce sak, har da yadda aka jera ta.

Na ce, "Shi ya ce ki gaya mini haka?"

Ta ci gaba da jera atamfofin a akwati.

Na kwana biyu ina juya abin. In tambaye shi? Da wane baki? Ni da ban taɓa ce masa ko ya jiki ba sai ta bakin wani. Kuma ya san da haka, a bayan kunyata ya ɓuya, kamar yadda ubansa ya ɓuya a bayan biki. In kuwa na hau jirgin nan, na san yadda za a yi: wata rana a kira ƙanina a waya, a ce a tara mata a gidana kafin a gaya mini.

Ranar Alhamis ya dawo bayan azahar, ranar tasi ce. Ya zauna a kujerar falo ya jingina kai, ido a rufe. Matarsa tana kicin. Na fito daga ɗaki. Maimakon in zauna a tabarmata can gefe, na je na zauna kusa da shi a kan kujerar. Ya buɗe ido a firgice zai sauka ƙasa.

Na kira sunansa.

Sunan ya fito mini wani iri, kamar na ɗauko tsohon kwano daga ƙarƙashin gado. Na ji cokali ya faɗi a kicin. Shi kuwa ya tsaya yana kallona baki a buɗe, mutum mai furfura a gemu.

"Miƙo hannun."

Ya miƙo dama.

"Ɗayan."

"Iya, ba komai ba ne, wallahi da sau..."

"Kada ka ƙarasa. Ubanka ya riga ka faɗa."

Na kwance maɓallin da kaina, na naɗe hannun rigar. Ga auduga an manna da filasta wuri biyu, ga jijiya ta kumbura ta yi tudu kamar igiya. Na ɗora tafina a kai, sai na ji tana kaɗawa a ƙarƙashin fata, zirr, kamar an rufe ƙudan zuma a ciki. Rabona da taɓa jikinsa tun ranar da kakarsa ta goya shi ta tafi.

Ƙoda ce. Fiye da shekara ke nan ana wanke masa jini da inji, sau uku a mako. Matarsa ta zo ta durƙusa tana kuka, ta ce kanwa da gishiri da yawan ruwa duk suna iya kwantar da shi, shi ya sa ta ɓoye kanwar. Ta ce sau uku tana roƙonsa ya gaya mini.

Ya ce, "Iya, kin fito takaba ke nan. Na ga kukan ya yi miki yawa."

Na ce, "Kukan nawa ne, ba naka ba. Wa ya ba ka ajiyarsa?"

Na yi kuka a wurin, sosai, har maƙwabciyarmu ta ƙwanƙwasa ƙofa. Da na gama na share fuska, na ce wa matarsa ta mayar da atamfofin nan cikin kabad, Asabar ba inda za ni. Ya fara maganar biza. Na ce shi ya san yadda aka yi aka kawo ni, sai ya san yadda za a yi a bar ni. An yi ta zirga-zirga a ofisoshi, aka sabunta.

Ranar Asabar ɗin, maimakon jirgi, tasi na shiga tare da shi zuwa asibiti. Ma'aikaciyar wurin, 'yar Filifin, ta ba ni kujera kusa da injin. Awa huɗu ina kallon jinin ɗana yana fita ta roba yana komawa, carbina a hannu ɗaya, ɗayan a kan ƙafarsa. Ban san abin da Allah zai yi da shi ba. Ana maganar dashe, ƙanensa ya je gwaji a Kano. Abin da na sani shi ne ɗan kofin nan yanzu ni nake cika shi, ni nake miƙa masa.

Matarsa ce ke rubuta wannan, na kuma nemi gafararta a kan zargin da na yi mata. Amma na gaya mata in ta gama, maƙwabciyarmu ce za ta karanta mini daga farko har ƙarshe, in ji ko an rage wani abu.