Ta Ce Ku Riƙe: Shekara Bakwai Bayan Malam Ishaku

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Malam Ishaku, mataimakin jami'in kula da kayan tarihi a gidan tarihin da na yi wa aiki a nan Maiduguri har na yi ritaya. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan hau keke napep daga Ajilari zuwa Maisandari in gai da matarsa, Maman Rifkatu, mu yi hirarsa, in dawo gida. Bana ma na je, amma hankalina ba ya wurin. Akwai wata magana da ni da shi ba mu ƙarasa ba, kuma an ba ni zuwa ranar Litinin in ƙarasa ta ni kaɗai. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan.

Ni ba jami'i ba ne. Karatuna ya tsaya a aji shida na firamare. Aikina shi ne in buɗe zauren nuni da safe, in goge akwatunan gilashi, in tsaya in tabbatar baƙo bai taɓa abin da ba a taɓawa ba. Idan aka samu wanda ba ya jin Hausa sai Kanuri, ni ake kira in yi tafinta, domin Malam Ishaku mutumin kudancin Borno ne, Kanurinsa bai wuce gaisuwa da cinikin kifi ba.

Mutane suna zaton aikin gidan tarihi zama ne kawai a inuwa ana gadin tsofaffin kaya. Ni da na gani da idona na san ba haka ba ne. Duk abin da ya shigo, ko tukunya ce ko linzami ko tsohuwar fartanya, Malam Ishaku zai sa safar hannu, ya auna tsawo da faɗi, ya ɗauki hoto, ya rubuta lamba a ƙarƙashinsa da wani siririn buroshi. Sannan ya cika masa kati: daga ina ya fito, wa ya kawo, me ake yi da shi, kuma ta wace hanya ya shigo, saye ne, kyauta ce, ko ajiya. Kowace Litinin yakan shiga sito da tocila yana leƙa gindin kayan itace, yana neman ɗan garin da gara ke zubarwa. Idan 'yan makaranta suka zo, shi ke zagayawa da su, ya amsa tambaya ɗaya sau goma bai gaji ba. Ya taɓa ce mini, "Ba Modu, abin da ba shi da kati tarkace ne kawai. Katin ne ke riƙe masa danginsa."

Yana da wata ƙa'ida tasa. Abin da ya tabbatar, da biro yake rubutawa. Abin da bai tabbatar ba, da fensir. Har ma'aikata suka sa masa suna Mai Fensir, shi kuma bai damu ba. Ni ma bai bar ni ba. Idan ya ga na koma karo na uku ina jan kwaɗon ƙofar zaure bayan na kulle, sai ya ce, "Ba Modu, wata rana kwaɗon nan zai kai ƙararka wurin oga." In ce masa gara ya kai ƙarata da ɓarawo ya gode mini. Halinmu ya zo ɗaya, bambancin kawai shi damuwarsa a takarda take, tawa a cikina.

A shekarun da mutanen ƙauyuka suka cika garin nan da gudun hijira, wata safiya wata tsohuwa ta shigo da ƙunshi a hannu. Aka ba ta kujera, ta ƙi, ta zauna a ƙasa. Ta kwance zanen, sai ga mudu na itace, ya yi baƙi saboda hannayen da suka riƙe shi, gefe guda ya tsage an ɗinke da wayar tagulla. Ta ce sunanta Falmata. Mijinta ne limamin ƙauyensu, kuma da wannan mudun ake auna zakkar fidda kai ta kowane gida tun zamanin kakansa. Ranar da suka gudu, shi ta ɗauko ta bar tukwanenta. A sansanin 'yan gudun hijira tantinta yana yoyo, yara suna ɗauka su ɗebi ruwa da shi. Wani ya gaya mata akwai gidan gwamnati da ke kula da kayan da suka tsufa.

Malam Ishaku yana rubutu, ya ce, "Tambaye ta, me take so mu yi da shi?"

Na tambaye ta. Ta amsa a gajarce, tana kallon ƙofa, domin mai keken da ya kawo ta yana ta danna ham, kuma ranar ake rabon abinci a sansani, tana tsoron kada layi ya wuce ta. Na juya na ce, "Ta ce ku riƙe."

Ta miƙe, ta sa mana albarka, ta fita. Malam Ishaku ya ci gaba da rubutu har ya iso layin ƙarshe na katin. Sai ya ɗago kai.

"Ba Modu, riƙe wanne? Riƙe na na-ba-ku, ko riƙe na zan-dawo?"

Na fita da gudu har bakin titi. Keken ya tafi. Da na dawo na tsaya ina laluben abin da ta faɗa, sai na tarar babu shi a kaina. A Kanuri maganganun biyu ba sa kama da juna, yaro ma ba zai haɗa su ba. Amma ni na yi gaggawa na zuba maganarta cikin kalmar Hausa guda ɗaya mai fuska biyu, kuma da zarar tawa ta fita, tata ta ɓace mini. Har yau abin da nake ji a kunnena muryata ce, ba tata ba.

Shi ya zaunar da ni ya yi mini bayanin nauyin abin. Idan aka rubuta kyauta, mudun ya zama na gidan tarihi har abada, ko ita kanta ta dawo ba ta da ikon fita da shi. Idan aka rubuta ajiya, na masu shi ne, duk ranar da suka zo da shaida a miƙa musu. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ɗauki fensir ya rubuta a layin: "Riƙe. Kyauta ko ajiya? A tambaya." Ya sa mudun a sito. Sau da yawa an ce masa ya cike katin a fito da shi zaure, tun da abu ne da baƙi za su so gani. Yakan ce to, sai an tambaya.

Mun nema. Ranakun Asabar, bayan ba aikinsa ba ne kuma ba wanda ya sa shi, yakan zo ya ɗauke ni mu shiga sansani. Sunan ƙauyen da ta faɗa, ashe ƙauyuka da dama ke amsa shi, kuma ba mu tambaye ta a wace ƙaramar hukuma nata yake ba. A sansanin farko muka ce muna neman Ya Falmata matar liman, aka kawo mana mata har huɗu. Ya dube ni ya ce, "Ku Kanuri, suna ya ƙare muku ne?" Na ce, "Ku fa? Rabin cocinku Ishaku, rabi Yakubu." Muka yi dariya. Daga baya muka ji wasu mutanen yankin sun koma Zabarmari suna aikin shinkafa. Muka je, muka sha rana a bakin gonaki, ba wanda ya san ta.

Da ciwo ya kwantar da shi na je duba shi a asibiti da hantsi. Ya rame ƙwarai. Bayan mun gaisa ya ce, "Ba ka tuna ba?" Na ce ban tuna ba. Na ga kamar ransa bai so ba, sai na fara cewa wataƙila dai, ina jin kamar... Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. "Kada ka tuna don ka faranta mini rai." Maganar aiki ta ƙarshe da muka yi ke nan.

Yanzu ga inda aka kwana. Tun bayan ambaliyar da ta shiga garin nan, kowa ya tsorata da ajiye abu a takarda kaɗai, sai aka yanke shawarar a shigar da katunan duka cikin kwamfuta. Wadda ke kan kujerar Malam Ishaku yanzu, Malama Hadiza, mace ce mai kula, ta iso kan katin mudun ta tsaya, ta sa aka nemo ni. Ta nuna mini allon kwamfutar. A wurin da ake faɗin yadda abu ya shigo, zaɓi uku ne, saye, kyauta, ajiya, kuma idan ba a danna ɗaya ba shafin ba ya rufuwa. Ta ce, "Baba, kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suka ga matar. Ka daure ka tuna mana, ka sa hannu a kai. Masu aikin ranar Litinin za su kammala." Ba ta matsa mini ba, har ruwa ta sa aka kawo mini. Amma tun daga ranar abinci ba ya mini daɗi.

Ina ta tambayar kaina me Malam Ishaku zai ce da ya ga wannan zamani. Na san zai yi murna da kwamfutar, domin mutum ne da tsoron gara da ruwa bai taɓa barinsa ba. Zai zauna kusa da Malama Hadiza ya koya, ya dame ta da tambayoyi. Amma na tabbata kafin a tashi zai duba allon sama da ƙasa ya ce, "To, ina fensirinta?"

Kuma ina tunanin mutanen da ake mayarwa garuruwansu yanzu. Wataƙila ƙauyen tsohuwar nan yana cikinsu. Wataƙila sun sake kafa masallaci, azumi ya zo ƙarshe, suna auna zakka da kwanon roba, wani dattijo yana cewa da muna da mudu, matar liman ce ta fita da shi. Idan na ce kyauta, na rufe musu ƙofa da hannuna, na cinye amanar mutanen da ba abin da ya rage musu. 'Yata ta ce, "Baba, ka ce ajiya mana ka huta, ai shi ya fi sauƙi." Na yi ta juya maganarta. Amma idan tsohuwar da gaske bayarwa ta yi, don ta gaji da ɗauka kuma tana so jikokin kowa su gani, to na warware kyautarta da shaidar abin da ban sani ba, mudun ya ci gaba da zama a sito ba mai ganinsa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, saboda yawan tunani, yanzu ina iya jin ta tana faɗin kowanne daga cikin biyun, da muryarta, sarai. Da safe ta ce na ba ku, da la'asar ta ce zan dawo. Na san duk biyun ni nake ƙera su.

Na gaya wa Maman Rifkatu wannan duka a ziyarar bana. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ba Modu, shekarun da na yi da shi, ban taɓa ganin ya ji kunyar cewa bai sani ba. Har yara sukan yi fushi da shi a kan haka." Daga nan ta shiga zancen jikokinta.

Saboda haka ranar Litinin zan je, zan ce wa Malama Hadiza ban sani ba. Zan roƙe ta ta nema wa wannan amsa wuri a cikin kwamfutar, ta kwafe maganar Malam Ishaku yadda ya rubuta ta. Idan babu wuri, a bar katin a akwatinsa da fensirinsa. Ban san ko za ta iya ba, ban san ko na sama da ita za su yarda ba, kuma ina fargabar a gaji da ni a danna ɗaya kawai don aiki ya wuce. Wannan ba a hannuna yake ba. Abin da ke hannuna shi ne kada in sa hannu.

Ba a sa wa wani zaure sunan Malam Ishaku ba. 'Yan makarantar da ya zagaya da su sun girma, da wuya su tuna fuskarsa. Lambobin da ya rubuta a ƙarƙashin tukwane suna nan, amma ba mai juya tukunya ya duba sai ma'aikaci. Idan na auna abin da ya bari, abin da na fi gani shi ne layi ɗaya na fensir da ya fara dusashewa, wanda ya hana a rufe wa wata tsohuwa ƙofa tun ranar da ta fita har yau.

Ina roƙon mai karatu, idan a danginku ko a ƙauyenku an taɓa zancen mudun zakka na itace mai ɗinkin tagulla, wanda matar liman mai suna Falmata ta shigo da shi Maiduguri, a zo gidan tarihi a tambaya. Akwai wata alama a jikinsa da ban faɗa a nan ba, domin haka Malam Ishaku ya koya mini, mai abu shi zai faɗe ta. Wanda ya zo, ya yi maganarsa da Kanuri, a aika a kira ni. Wannan karon zan saurara har ƙarshe kafin in buɗe baki.