Jinin Maƙwabcinmu

Haihuwata ta fari da gardama ta zo. Jini ya ɓalle mini ya ƙi tsayawa, maigidana kuwa ya tafi fatauci. Aka ɗora ni a motar katako daga Birnin Gwari zuwa wani asibiti a Kaduna, muka ratsa dajin nan ina gani sama-sama. Lokacin ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba. Babana ya biyo ni, tare da maƙwabcinmu, wani Bagwari Kirista da gonarsa ke haɗe da ta Baba ta wajen Kusasu. Shi rakiya kawai ya yi.

Likita ya ce in ba a ƙara mini jini ba, ba zan kai labari ba. Kafin ya rufe baki Baba ya naɗe hannun riga. Ma'aikaciyar jinya ta buɗe idonsa ta duba, ta tambaye shi ko ya taɓa yin ciwon shawara.

Baba, Allah ya jiƙansa, bai iya ɓoye abin alfahari ba. Ya ce, "Har sau biyu, 'yar nan. Ido kamar gwaiduwa. Sassaƙe na jiƙa na sha, ta bar ni."

Ta ce, "To Baba, ba za mu ɗauki naka ba. Ciwon kan laɓe a jini, mai shi na yawo lafiya lau. In muka sa mata, zai kama mata hanta."

Ina kwance ina jin faɗansa. "Jinin wa ke jikinta in ba nawa ba? Yau ne zai zame mata dafi?" Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba.

Sai maƙwabcinmu ya miƙa hannu. Bai taɓa yin shawara ba, aka gwada, jininsa ya dace da nawa.

Aka ƙara mini, na tashi. Baba ya daɗe yana cin magani, daga baya abin ya koma tsokana. In na yi taurin kai sai ya ce, "Ba laifinki ba ne, jinin wancan ne." Wancan kuwa sai ya yi dariya ya ce ai gyara ni ya yi.

Ranar da maƙwabcin ya rasu, Baba ya zo gidan aurena da ƙafarsa, yana dogara sanda. Na shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi zama.

Ya ce, "Ɗauko mayafinki. Can za ki zauna a karɓi gaisuwa da ke. Ubanki ne ya rasu."